Jego a Hawa na Tara

Na haifi ɗana na biyu a Malesiya, ranar wata Talata, ana ruwa. A can kusan kullum sai an yi ruwa da la'asar, don haka wannan ba wani abin tunawa ba ne. Da ungozomar ta ɗora mini shi a ƙirji na dube shi, na ga yatsunsa sun cika, na ga sumarsa irin ta ubansa ce. Na ce alhamdulillahi, domin abin da ake cewa ke nan. Sai na tsaya jiran abin nan da na ji ranar da na haifi yayarsa a Maƙarfi, wanda ya sa na yi ta kuka ina dariya har mahaifiyata, Inna, ta ce in ji kunya mana, 'yar fari ce. Na jira. Ungozomar ta ɗauke shi ta tafi aunawa, ni kuma na kwanta ina kallon silin.

Ni 'yar Likoro ce. Na yi shekara shida ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Maƙarfi. Maigidana mutumin Dandamisa ne, malami a wata kwaleji, kuma shi ya samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya. Muka bi shi ni da 'yarmu mai shekara uku, ina da ƙaramin ciki. Gidan da muka kama yana hawa na tara a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda da aka kewaye da ƙarfe. In ka leƙa ƙasa, motoci ne da rufin wani masallaci da itatuwan kwakwa. Ba rani, ba damina, ba sanyi. Rana tana fitowa lokaci guda, tana faɗuwa lokaci guda, zufar jiya ita ce ta yau. A gida ko ba ka duba kalanda ba ka san inda shekara take, daga tsawon masara ko ƙamshin rake da ake dafawa. A can sai na duba waya nake sanin watan da muke ciki.

Haihuwar fari a ɗakin Inna na yi jegonta. Tun kafin rana ta fito ake hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, wata gwaggona ta tsoma ganye ta yi ta fyaɗa mini ruwan zafi ina ihu, mata suna dariya a bayan katanga. A fito a ba ni kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji. Jaririyar ba ta hannuna sai in za ta sha nono. Kwana arba'in ban ɗauki tsintsiya ba.

A hawa na tara kuwa, kwana biyu da haihuwa aka sallame ni. Maigidan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya dafa ruwa a butar lantarki sau biyar ya cika bokiti, ya tsaya a bakin banɗaki riƙe da jaririn yana tambaya ko ya yi zafi sosai. Na ce ya yi. Na zauna a kan 'yar kujerar roba na watsa wa kaina da kofi. Da na gama na wanke bokitin na kife.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da ƙofarmu ke kallon tata. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wani gari. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensu, na dai riƙa ce mata Goggo, ita ma ta karɓa. Ranar da muka dawo daga asibiti ta shigo da wani dogon ƙyalle, ta nuna cikina, ta nuna ƙyallen. Ta sa na tsaya ta naɗe ni tun daga ƙugu har ƙarƙashin ƙirji, ƙulli bayan ƙulli, tana ta magana ita kaɗai. Ta kawo miyar kifi mai citta. Haka ta yi ta yi kullum da hantsi har fiye da wata guda. Na san alheri ne babba. Nakan faɗa wa kaina, wannan matar alheri take yi miki. Sai in yi mata godiya, in rufe ƙofa, in tsaya a bayan ƙofar har sai yaron ya yi kuka.

Sunan, a Dandamisa aka yi shi, mu kuma muka kalla. Sun fi mu jinkirin wayewar gari da awa bakwai, don haka lokacin da maza suka taru a ƙofar gidan surukaina da sassafe, mu mun idar da azahar. Yayan maigidan ya ɗaga waya, muka ga tabarmi da faranti na goro da dabino, muka ga liman yana shafa fatiha. Sabis ya yanke daidai lokacin da za a faɗi sunan. Da ya dawo har an kwantar da rago. Sunan marigayi mahaifin maigidan aka sa wa yaron, don haka ba wanda ke kiran sunan a bakinsa. Aka shiga da wayar cikin gida, mata suka yi ta leƙowa, fuska bayan fuska, wata ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara.

Inna ta zo daga Likoro tun jiya. Da aka miƙa mata wayar ta kai ta kusa da ido sosai, goshinta kawai nake gani da bakin kallabi.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki? Ana shan ruwan zafi dai ko?"

"Ana sha."

"Nuna mini maigidan nawa."

Na juya wayar na nuna mata shi. Ubansa ya aske masa kai da safe da sabuwar reza, ya bar wani ɗan tsibiri a bayan kunne. Inna ta ce wannan miji nata ba shi da kyau, a mayar. Mata suka fashe da dariya. Na ga fuskata a ɗan ƙaramin akwatin da ke gefen wayar tana dariya ita ma. Da aka kashe na ajiye wayar na tafi kwashe shanya, don hadari ya taso.

Ba zan ce baƙin ciki nake yi ba. Da baƙin ciki ne da na gane shi, na san kamanninsa tun rasuwar babanmu. Wannan ba komai ba ne. Ina tashi, ina sallah, ina yi wa yaron wanka, ina shafa masa mai, ina ba shi nono a kan lokaci. Ban taɓa barin shi da jiƙaƙƙen ƙunzugu ba. Ina yi wa yayarsa kitso duk Asabar, ina raka ta makarantar rainon da ke ƙasan benenmu, ina dafa abinci. Gishiri yakan yi yawa ko ya yi kaɗan, sai maigidan ya faɗa nake sani. In yaron ya yi kuka ina jin ƙarar, ina kuma sanin abin da ya kamata a yi, kamar yadda mutum ke sanin an ɗauke wuta sai ya tashi ya kunna fitila.

Abin da ya riƙe ni a lokacin shi ne waya. Dangi na gida suna son gani, ni kuma ina da abin yi. Ranar da ya fara murmushi na ɗauka na tura. Ranar da wuyansa ya tsaya na tura. Da ya kai wata biyar na jera masa matasan kai a kusurwar kujera na zaunar da shi, ya yi ta tangaɗi kamar buhun da bai cika ba, na ɗauka sau huɗu kafin na samu wanda bai faɗi ba. Na koyi irin muryar da ake sawa. "Kai, ku ga babban mutum! Wa ya zauna? Wa ya zauna?" Ina danna tsayawa muryar take tsayawa ita ma.

Matar yayana ce ke nuna wa Inna. Sai sun fita bayan gida wajen rumbu suke samun sabis. Amsa takan zo washegari, muryar Inna da kukan kaji a bayanta: Allah ya raya, Allah ya yi albarka, a riƙa sa masa hula. Haƙorinsa na farko yayarsa ce ta gano shi, ta sa masa yatsa a baki ya cije ta. Ta zo da gudu kicin tana nuna mini yatsan.

"Umma, ya yi haƙori! Zo ki gani!"

"To, bari in ɗauko waya."

"Ki zo ki gani tukuna mana."

Na je na gani. Wani ɗan farin abu ne kamar ƙwayar shinkafa. Na ce ma sha Allah, na koma na ɗauko wayar.

Yana wata shida aka yi ƙaramar Sallah. A can ita ce babba, wata guda suke yi suna shagalinta. Tun goman ƙarshe na azumi aka jera fitilun aci-bal-bal a harabar benen, yara suna ta harba tartsatsin wuta bayan shan ruwa. Kowane gida sukan zaɓi launi ɗaya su ɗinka, uba da uwa da yara, har jariri. Maigidan ya ce mu ma mu yi hakan, yaran su taso da wani abu da za su ce namu ne. Ya sayo yadi ruwan toka, wata matar ɗalibi 'yar Katsina mai keken ɗinki ta ɗinka mana. Na tambaye shi me ya sa ruwan toka, ya ce shi ne ya rage a shagon.

Ya kuma ce lallai a yi tuwon shinkafa da miyar taushe ranar idi, kamar yadda ake yi a gidansu. Kabewa akwai, alayyafo akwai wani mai kama da shi, yakuwa babu, na matsa lemon tsami. Na tashi bayan asuba na tuƙa. Muka je idi a masallacin da nake hangen rufinsa, aka yi huɗuba da yaren da ba na ji, na zauna a cikin mata masu fararen hijabai yaron yana barci a cinyata.

Da muka dawo, yarinyar ta ce in zauna a kujera. A makaranta an koya musu yadda yaran ƙasar ke yi da safiyar Sallah. Ta durƙusa a gabana cikin sabuwar rigarta, ta kama hannuna da hannu biyu, ta kai goshinta, ta faɗi wasu kalmomi da yarensu, sannan ta fassara mini da kanta.

"Wai ki yafe mini abin da na yi miki, na fili da na ɓoye."

Shekararta huɗu. Ubanta yana tsaye a bakin ƙofa, na ga ya juya yana share ido da hularsa. Na dubi tsagar kitsonta, na ga ɗaya ta karkace, na yi tunanin gobe in gyara. Na ce na yafe, Allah ya yi miki albarka. Ba ta saki hannuna ba, tana kallona, tana jiran wani abu. Na shafa kanta. Can ta tashi ta tafi wajen ubanta.

Da rana Goggo ta buɗe ƙofarta ga duk mai shiga. 'Ya'yanta sun zo da jikoki, duk cikin kore. Ta ba mu shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa da nama mai kauri, ta ba yarinyar 'yar ambulan ta barka da Sallah. Na kai mata tuwo da miya. Ta ci loma biyu da cokali, ta yi ta gyaɗa kai, ban sani ba ko ya yi mata daɗi. Jikokinta suka yi ta karɓar yaron hannu zuwa hannu suna taɓa gashinsa. Muka tsaya a baranda aka ɗauke mu hoto mu huɗu cikin ruwan toka. Har yanzu yana rataye a falon surukata.

Babbar Sallah ta zo ta wuce ba ƙara. Maigidan ya shiga cikin mutum bakwai a saniya ɗaya a masallaci, ya dawo da nama a leda biyu. Ba kai, ba ƙafa, ba hayaƙin babbaka. Na soya a tukunya ɗaya, na buɗe tagogi don kada ƙararrawar gobara ta tashi.

Yaron ya yi rarrafe, ya kama kujera ya miƙe. Ya yi wata goma sha uku ranar da ya taka. Muna falo mu biyu, ina ninke kaya a ƙasa. Ya saki gefen tebur, ya ɗaga hannuwa sama, ya yi taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya faɗo kan kayan da na ninke. Ya ɗago yana kallona da baki buɗe. Wayar tana kan tebur, ko miƙa hannu ban yi ba. Na ɗaga shi na zaunar a gefe, na sake ninke rigunan da ya watsa.

Bayan kwana uku ya sake yi a gaban ubansa. Maigidan ya yi tsalle har ya buge fanka da hannu, yana kirana in fito.

"Ya taka! Wallahi ya taka! Zo ki ga ikon Allah!"

Na fito da ludayi a hannu na ce, "Ai tun ranar Litinin ya fara."

Ya tsaya. "Tun Litinin? Ba ki faɗa mini ba."

"Na manta."

Ya daɗe yana kallona. Mutum ne mai haƙuri, kuma a lokacin karatunsa ya kai inda ba ya ganin gabansa. Ya ce, "Ko na yi miki wani laifi ne?"

"A'a, Malam."

"Gida kike so?"

Na yi tunani da gaske, don in ba shi amsar gaskiya. Na kawo Likoro a raina, ƙofar gidanmu, rijiya, Inna a bakin murhu. Kamar hoton garin wasu. Na ce, "Ban sani ba." Miya tana ƙonewa, na koma kicin.

Bai sake tambaya ba, amma ya fara shirin tafiya. Wata ƙaramar Sallar ta zo, muka sa shuɗi, na sake tuƙa tuwo. Da babbar ta matso ya ce ya samu hutun sati biyar, za mu yi layya a gida, a yaye yaron a wajen Inna kamar yadda aka yi wa yayarsa.

Mun sauka a Kano, yayan maigidan ya ɗauko mu. Damina ta zauna, masara ta kai gwiwa, mutane suna ta zuba taki a gonaki gefen hanya. Yarinyar ta manne da taga tana tambayar sunan komai. Jaki ma sai da ta tambaya. A Dandamisa aka yi ta shigowa sannu da zuwa har kwana uku, ina durƙusawa ina tashi, ina amsa gaisuwa ɗaya sau ɗari. Kowa ya ce na yi fari, na yi ƙiba, ƙasar ta karɓe ni. Ranar Sallah aka yanka raguna uku a tsakar gida. Yarinyar ta ɓuya a bayana da ta ga jini, zuwa la'asar kuma tana yawo da 'yan uwanta da tsinken hanta a hannu. Yaron ya yi ta bin kaji yana faɗuwa a taɓo. Na zauna cikin matan gida ina yanka nama, hayaƙi yana shiga idona, hawaye na zuba, wata ta ce amaryar turai ta manta da itace. Aka yi dariya, na yi.

Kwana huɗu bayan Sallah muka tafi Likoro. Inna ta tsufa fiye da yadda waya ke nunawa. Yarinyar ta kama hannunta ta kai goshi, Inna ta ce wannan kuma gaisuwar ina ce, ta jawo ta jikinta. Yaron ya ƙi zuwa da farko. Ta ɓare masa dafaffen ƙwai, ta zauna nesa kaɗan tana ci a hankali ba ta kallonsa, sai ga shi ya tako da kansa.

Washegari da hantsi matar yayana ta tafi da yaran gidan maƙwabta. Muka rage ni da Inna a rumfa tana tsince wake a faifai. Na ɗauki wani faifan na taya ta.

"Tun yaushe?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Me, Inna?"

"Jiya yaron nan ya faɗi a bakin rijiya ya fasa leɓe. Kin tashi, kin ɗauke shi, kin wanke masa, kin ba shi nono. Duk ina kallo. Fuskarki ba ta motsa ba."

Na ci gaba da tsintar wake. Na ce, "Tun ranar da aka haife shi."

Ta gyaɗa kai. Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tara a tafin hannu, suka rugo suka ga ba abinci ba ne.

"Haka na yi a goyonki," ta ce. "Na yayanki lafiya lau. Ke kuwa ina ba ki nono ina kallon bango. Har kika yi rarrafe ban san me ake ji ba. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Kakarki ce ke ɗaukarki da rana."

Ban taɓa jin wannan ba. Ni dai na taso na san Inna ce ke kwana zaune in zazzaɓi ya kama ni, ita ce ta sayar da akuyarta na tafi makarantar horon malamai. Na dube ta, ina neman wata mata dabam a fuskarta, ban gani ba.

"To yaya aka yi ya tafi?"

"Ban san ranar ba. Wata rana dai ina tankaɗe na ji ina waƙa." Ta karkaɗe faifan. "Babanku har ya koma ga Allah bai sani ba. Ke kada ki yi haka. Ki gaya wa mijinki da bakinki. Kuma ku da kuke inda likitoci suke, ki je a duba ki. Ba a rasa abin da za su ce."

Na ce to. Na so in ji wani abu, ko haushi ko sauƙi. Abin da na lura da shi kawai shi ne waken bana ƙwari sun yi masa yawa.

Da la'asar aka wanke allon da liman ya rubuta, aka ba yaron ya sha a kofi, aka dama masa kunu. Inna ta goya shi ta fita ta ƙofar baya wai za su ga tinkiya. Ni da yarinyar muka shiga mota muka koma Dandamisa. Ba a sallama a yaye.

Kwana biyu bayan haka nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Surukata ta sa aka dafa ruwa ta gasa mini da tsumma, ta ɗaure mini ƙirji da zane. Ciwon ya yi tsanani har ina cije leɓe. Na kwanta a ɗaki ina jin sa yana bugawa, kuma na lura ban so ya daina da wuri ba. An daɗe rabon da wani abu a jikina ya yi ƙara haka.

A cikin zazzaɓin nan ne na gaya wa maigidan. Ya shigo da rana da maganin da ya sayo a Maƙarfi, ya zauna a bakin gado. Na faɗa masa kamar mai karanta jerin kayan cefane: ba na jin komai, ba a kan yaron ba, ba a kan yarinyar ba, ba a kansa ba, tun asibiti. Ya riƙe ledar maganin da hannu biyu.

"Wata ashirin," ya ce. "Muna ɗaki ɗaya."

"E."

"Na ɗauka gajiya ce. Na ɗauka ni ne." Sannan ya ce, "In mun koma za mu je asibiti tare." Ya ɓallo ƙwaya biyu ya miƙo mini da ruwa.

Ranar kwana bakwai muka koma ɗauko yaron. Yana tsakar gida ba wando, da rogo a hannu, ya yi baƙi ya ɗan rame. Na durƙusa na miƙa hannu. Ya dube ni, ya dubi ƙirjina, ya juya ya tafi ya cusa fuska a zanen Inna. Na kira shi, ya ƙara cusawa. Matar yayana ta ce fushi yake yi, haka suke yi, zuwa gobe ya huce. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari, ƙarami, kamar ƙayar da ta shiga ta cikin takalmi. Na tsaya a durƙushe ina sauraronsa. Bai kai minti ɗaya ba ya wuce. Inna tana kallona.

Da muka koma Malesiya mun je asibitin. Likitar mace ce, ta yi mini tambayoyi da yawa, ta ce abin yana da suna, yana samun mata bayan haihuwa a ko'ina, kuma da na zo da wuri da an rage mini tsawonsa. Ta ba ni magani, ta sa ni zuwa duk sati biyu in zauna da wata mu yi magana. Maigidan ya riƙa dawowa da wuri ranakun. Ba zan ce na ga wani canji a watan farko ba, ko na biyu. Shekarar farko ta yaron kuwa har yau ba ta dawo mini ba. Na san abin da ya faru a cikinta, bi da bi, kamar yadda na san tarihin da na koyar a aji.

Wata Laraba, wajen wata uku da komawarmu, ina shanya a baranda na ji shiru ya yi yawa. Na shigo na tarar ya buɗe kabad ɗin kicin ya jawo robar garin kuka, wadda Inna ta daka da hannunta ta tankaɗe sau biyu, wadda na ratso filin jirgi uku da ita. Ya juye ta duka a ƙasa, ya zuba ruwan kofinsa a kai, yana damawa da tafin hannu biyu. Ya shafa a kai, ya shafa a firij.

Na daka masa tsawa. Ban san muryar daga ina ta fito ba. Na ce kai wane irin yaro ne, ka san daga inda aka kawo wannan, ka san wahalar da aka sha? Kunnuwana sun yi zafi. Ya firgita ya fashe da kuka. Yayarsa ta fito daga ɗaki da fensir a hannu ta tsaya tana kallona, ido waje.

"Umma, fushi kika yi?"

"Fushi na yi mana! Dubi abin da ya yi!"

Ta dubi ƙanenta, kore tun daga gashi har ƙafa, yauƙi yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ta sake dubana. Ta ce bari ta ɗauko tsintsiya.

Na ɗauke shi zuwa banɗaki yana ta shure-shure, yana zame mini a hannu saboda yauƙin. Sai da na yi masa sabulu sau uku. Fushin bai sauka ba har na gama, har na goge firij, har na kankare abin da ya bushe tsakanin tayil da bakin cokali. Abin da ya rage a gindin robar bai fi cokali biyu ba. Da shi na kaɗa miya da yamma, ta yi ruwa, muka ci haka nan.